Ina Angon Yake?

"Ajiye min rariyar nan ki dube ni! Me Turawan suka ce?"

Hajiya Sakinatu ce tsaye a kan surukarta Aina'u, hannu a ƙugu, a tsakar gidansu da ke wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Aina'u ta karkaɗe garin geron da ke hannunta, ta sunkuyar da kai. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ta gidan da guɗa da turare, amma ango sai dai muryarsa a waya.

Zubair, ɗan Hajiya na fari, rubuta manhajar kwamfuta ne aikinsa. Wani kamfani a ƙasar waje ya ɗauke shi, ya tsaya masa aka ba shi bizar aiki. Irin bizar nan kuwa kamar akuya ce a turke, kamfanin da ya kai ka shi ke riƙe da igiyar, ranar da ya kwance ka sai haɗa kaya. Bayan tafiyarsa da wata uku aka ɗaura aurensa da Aina'u, ba kuma wanda ya ga abin damuwa. Tun yaushe ango ya zama dole a wurin ɗaurin aure? Kawunsa Tasi'u ne ya karɓa masa a masallacin Juma'a, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da aka zo nema wa amarya bizar bin miji, aka ce a kawo shaidar aure. Kawu Tasi'u, mai son a san da shi, ya dage sai an haɗa da bidiyon da ya tsaya cikin babbar riga yana cewa, "Na karɓa wa ɗana Zubair, wanda yanzu haka yake ƙasar waje!" Ashe da bakinsa ya rufe musu ƙofa.

"Sun ƙi, Hajiya," in ji Aina'u a hankali. "Wai a dokarsu ba sa karɓar auren da aka ɗaura ta hannun wakili. Sai ango da amarya sun halarta da kansu."

"La'ilaha illallahu! Sadaki an biya, shaidu sun fi ɗari, shi ne wasu marasa alwala za su ce ba aure ba ne? Ke dai faɗi gaskiya, farar ƙafarki ce! Tun da kika shigo gidan nan abin yaron nan ya daina tafiya daidai."

Aina'u ta miƙe. Ta shige ɗaki, ta zauna a bakin gadon da ita kaɗai ta taɓa kwana a kansa, ta yi kuka mai isarta.

Da la'asar Zubair ya kira.

"Wallahi sori, Aina'u. Lauya ya ce mafita ɗaya ce, in zo gida mu je rajista mu biyu. Amma kamfani na kan sabunta min biza. In na fita yanzu ba lallai su bar ni in koma ba, manaja kuma ya ce ba hutu. Ki ƙara min wata shida."

"Wata shidan da ka roƙa da azumi fa, Yaya?"

"Su ne sifonsa ɗina, su suka tsaya min! In suka janye, komai ya rushe. Ki gane mana!"

Ta gane. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, kullum ita ce mai ganewa.

Ranar kasuwar Ɗanbatta sai ga mahaifinta, Malam Lawan, manomin tumatir a Watari, mutumin da bai iya kwana-kwana ba. Ya ƙi zama a tabarmar da Kawu Tasi'u ya shimfiɗa masa a soro. Aina'u na laɓe a bayan ƙofa, tana jin komai.

"Tasi'u, ni 'ya na aurar, ban kawo muku mai daka da wanke-wanke ba. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba! Ranar da na zuba dawata a rumbu, ko yaronku ya zo, ko ya aiko mata da takardarta. In ba haka ba mu haɗu a gaban alƙali."

"Haba Malam Lawan, auren da na karɓa da bakina..."

"Bakin naka ne ai ya jawo!"

Daga cikin gida Hajiya ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Ya aiko mana! Takardar saki ai ba ta neman biza! Aikin da ya kai ni Makka, ya yi mana rufin kwano, shi zai bari saboda mace? Mata sun ƙare ne a Kano?"

Malam Lawan ya sa aka kira 'yarsa. "Ke, ki ɗauko mayafinki mu tafi."

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ka yi haƙuri. Kai ka yanka rana, bari in jira ta a ɗakina."

Ya kaɗa rigarsa ya fita ko sallama babu.

Sati biyar Aina'u ta yi tana shan habaici safe da yamma. In ta yi tuwo a ce ya yi gudaji, in ta yi shiru a ce tana ƙulla wani abu. Ko sau ɗaya ba ta kai ƙarar Hajiya wurin ɗanta ba. Sai da dawa ta bushe a gona, Zubair ya kira yana ta zagin dokar da masu dokar, sannan ta tare shi.

"Yaya, ni fa na daina jin haushin mutanen nan."

"Kamar yaya?"

"Tambaya ɗaya suka yi, ina angon yake? Ni ma ita nake yi kullum in na rufe ƙofa, kunya ce ta hana ni faɗa. Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kar ka zo ba."



Ranar da amalanken shanu ya sauke dawar Malam Lawan ta ƙarshe, Aina'u ta ninke kayanta tun da hantsi, ta zauna jiran takarda. Zuciyarta ta gama karaya. Can bayan azahar ta ji tsayuwar mota, sai sallama a soro, muryar da ta saba ji a waya, yau ba waya.

Hajiya ce ta fara fitowa, da zagi a bakinta. "Ka bar aikin? Ka kashe mu, ka..." Sai ta ga yadda ya rame, wuya ya yi tsawo, ɗan da rabonta da shi shekara da watanni. 

Zubair ya zube a gabanta. "Hajiya, ki yafe min. Kamfani sun janye, bizar ta tafi. Amma ilimin yana kaina, ba a hannunsu yake ba. Aiki zan sake samu. Wannan kuwa in ta fita daga gidan nan, ba zan sake samun irinta ba."

Hajiya ta juya ta kalli ƙullin kayan da ke bakin ƙofa, ta kalli yarinyar da ta sha zaginta wata da watanni ba ta taɓa ɗaga mata ido ba. Kunya ta rufe ta.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi? Mayar da kayan nan ciki, ki kawo wa mijinki ruwa."

Ba a daɗe ba suka kama haya a Bacirawa cikin Kano, yana yi wa wani kamfanin aiki daga ɗakinsa. Kuɗin bai kai na da ba, Hajiya kuma takan yi mita jefi-jefi, amma yanzu da kanta take aiko wa Aina'u da kuka da daddawa. Suka je rajista su biyu suka sa hannu, ko wata bizar ta zo nan gaba. Aina'u dai ba ta ƙara tambayar labarinta ba.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, Aina'u ta sha nata. Ku kuma samari masu hangen ƙetare, ku riƙe wannan: wakili yana karɓa wa mutum aure, amma ba ya zama masa miji.