Rijiyoyin Jaji

"Ba su da asali. Magana ta ƙare."

Baba Tambari ke nan, wan mahaifin Muhsina, wanda aurenta ke hannunsa tun rasuwar ubanta. Dawowarsa ke nan Ƙaura daga binciken dangin Hayatu, direban da ke neman ta.

"Na tai Jangeru, an ce baƙi ne daga Moriki. Na tai Moriki, an ce daga Zurmi. Zurmi sun ce daga gabas. Ko kango babu mai sunansu. Mutumin kirki ba ya tashi gari bayan gari, korarsu aka yi ta yi."

"Baba, wa ka tambaya?" in ji Muhsina.

"Dattawa mana, bakin masallaci. Awaki zan tambaya?"

Da la'asar Hayatu ya zo zaure, ido ya faɗa.

"Abar ƙaunata, ni abin da na sani, kakannina masu haƙar rijiya ne. Babana bai cika magana ba har ya rasu. In abin zai raba ki da danginki... sai in haƙura."

"Kai ka haƙura. Ni ban haƙura ba."

Ta koma ciki ta faɗa wa Inna Kulsumu, mahaifiyarta. Inna ta tsaya da tankaɗe.

"Rijiya? To mi dattawa suka sani da rijiya? Su a buta suke ganin ruwa. Ɗauko hijabinki."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, motar mata daban. Ita suka shiga. A Jangeru ba su nufi masallaci ba, sai inda guga ke ƙara. Suna ambaton sunan Maiwada, kakan Hayatu, mata suka nuna bakin rijiyar da suke tsaye.

"Ga ta nan, tasa ce. Ko da bazara ba ta ƙafewa."

A Moriki ma haka, ta uban Maiwada. A Zurmi aka kai su wurin wata tsohuwa, Mairama, tana zaune bakin rijiya tana gyaran igiyar guga.

"Jaji kuke nema, kakan Maiwada? Allah Ya haskaka kabarinsa. Daga ƙasar Katsina ya taho, shi da matarsa Turai da jaki guda, shekarar da mata ke tonon rairayi da ƙoƙo. Ya haƙa wagga, ran da ruwa ya fito ya ce sadaka ce. An ba shi fili ya gina gida, ya ƙi. Wai masu ƙishi na gaba. Ɗansa ya ɗauki dagi ya yi yamma, jikansa ma haka."

Muhsina ta ce, "Ba korarsu aka yi ba, Kaka?"

"Kora? Mata har bayan gari suka raka su da kuka. Turai nan ta rasu, ga kabarinta can gindin tsamiya. Har yau in mun saki guga sai mun yi musu addu'a. Uwata ta koya min."

Muhsina ta ja ruwan da hannunta ta sha. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

Da suka dawo ta durƙusa gaban Baba Tambari ta zayyana masa komai, daga Jaji har Hayatu.

Ya taɓe baki. "Hirar mata bakin rijiya."

"Ka koma ka tambaye su, Baba. In ka sami aibi guda a addininsa ko halinsa, wallahi na bar shi. In babu, to shari'ar da kuka tai Gusau kuka yi wa kabbara ta ba ni ikon zuwa gaban alƙali."

"Ni za ki kai ƙara, Muhsina?"

"Ba na so. Kada ka sa ni."

Inna dai tana bakin ƙofa, ba ta tsawata mata ba.

Ya ajiye carbinsa. Da ya buɗe baki, muryar ba ta ɗazu ba ce.

"Jininsu ba ya zama wuri guda. Wata rana zai kwashe ki ya yi yamma, Sabon Birni ko gaba da nan. Ke kaɗai ƙanena ya bari... in nemi ganinki in rasa."

Sai a lokacin ta gane. Ta matso ta dafa ƙafarsa.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. In ya yi yamma, zan bi shi. Amma da albarkarka nake son tafiya."

Ya kau da kai ya goge ido da bakin rawani.

"Kulsumu, ki aika musu. Su kawo goro ran Jumu'a."

Muhsina ba ta tashi ba sai da ta ji tafin hannunsa bisa kanta.