Hatimin Baba Kafinta

"Ba zan sa hannu ba."

Darakta ya ɗago kai, ya zame tabarau zuwa karan hanci. Shekara uku tana aiki a wannan ofishi mai ba ƙananan 'yan kasuwa shawara kyauta idan rigima ta haɗa su da banki, bai taɓa jin ta yi masa musu ba. Shi ya biya mata kuɗin jami'a bayan rasuwar mahaifinta, wanda amininsa ne. A gida Kawu take ce masa, shi kuma yana kiran ta da sunan da uban ya laƙaba mata.

"Barkono, ba shawararki na nema ba. Maganar Kafinta ta mutu. Sa hannu a rufe fayil."

"Ranka ya daɗe, ranar Juma'a da ranta na bar ta. Me ya kashe ta?"

Ya turo mata kwafin wata takarda da banki ya aiko. Tana ɗauke da kwanan watan Maris, ranar da Kafinta ya karɓi bashi. A ciki an ce ya jinginar da injinsa na yankan katako, kuma ya yarda a ɗauke shi idan ya makara biya ko da sau ɗaya ne. A ƙasa ga sa hannunsa, harafi guda mai jela wanda kowa zai iya kwaikwaya. Kusa da shi ga hatimin shagonsa, mai hoton zarto a tsakiya.

"Wata biyu muna rubuta wa bankin nan wasiƙa kan kuɗin da suke zaftare masa," in ji ta. "Ba su taɓa ambatar jingina ba. Sai yau, da muka matsa musu, takarda ta faɗo daga sama?"

"Ranar Juma'a za su je da mota su ɗauke injin. Ki faɗa wa tsohon ya yi haƙuri."

"Kai ka faɗa masa."

Ta ɗauki fayil ɗin ta fita. Ranar Litinin ce.

Kafinta yana zaune a bencin baranda, hularsa a kan gwiwa. Ta karanta masa takardar a hankali. Da ta gama, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Malama, mutum goma sha ɗaya ke ci daga injin nan. Ko makara na yi, sau biyu ne, kuma na biya tararsu. Wallahi ban taɓa ganin wannan takarda ba."

"A watan Maris wa ke riƙe da hatiminka, Baba?"

"Surukina. Shi ke rubuta mini rasiti."

Da surukin ta fara.

Shagon dogo ne, ƙurar katako har idon sawu, ga warin gam. Injin yana tsakiya, an goge shi yana ƙyalli. Surukin, ƙaton mutum mai fensir a bayan kunne, ya kashe injin da ya gan ta. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ka taɓa kai hatimin shagon nan banki ba da sanin Baba ba?"

"Au, ni ne ɓarawon ke nan? In sayar da injin, ni da matata mu ci me, diddigar katako?"

"Tambaya na yi."

Ya fizgi durowa, ya jefo mata wani abu a kan teburi. Hatimi ne, rabin robarsa ta narke ta manne da mariƙi.

"Ga shi nan, kai shi banki da kanki. Tun Agusta na manta shi a kan injin da zafi. Na sha faɗa kamar na kashe mutum."

"To da wanne kuke aiki yanzu?"

"Da biro. Sabon ai ko ganinsa ban taɓa yi ba. Ranar da Baba ya karɓo shi daga wurin mai sassaƙa, ofishinku ya zarce da shi. Ku za a tambaya."

Barkono ta mayar masa da narkakken hatimin. Ta san hatimin Kafinta yana ofishinsu. Tsarin aikinsu ke nan: wanda ya kawo ƙara yakan bar hatiminsa a ambulan cikin kabad ɗin ƙarfe, don kada a riƙa taso shi daga sana'a duk lokacin da za a aika wasiƙa. Abin da ba ta sani ba shi ne sabo ne.

Washegari ta sami mai sassaƙa hatimi a ƙarƙashin matakalar wani bene, da ɗan teburinsa da reza da gilashin ƙara girma. Ta nuna masa kwafin. Kallo ɗaya ya yi masa ya kama dariya.

"Kai! Abin kunyata ya kai banki?"

"Wane abin kunya?"

Ya jawo wani littafi mai kauri da ya sha hannu. Kowane shafi cike yake da hatimai, kowanne da kwanan wata a ƙarƙashinsa.

"Shekara ashirin ban taɓa sakin aiki ban buga shi a nan ba. Ga na tsohon, na farko, shekara huɗu ke nan. Ina mariƙin zarto?"

"A dama."

Ya buɗe can gaba. "Ga na biyu, tara ga Satumba. Ina mariƙi?"

"A hagu."

"Yauwa. Hatimi a juye ake sassaƙa shi, Malama. Rubutun na juya daidai, zarton ne na manta, ina hira da wani mai surutu. Na ce wa tsohon ya bari in sake, ya ce zarto dai zarto ne, sauri yake."

Ta duba kwafin banki. Mariƙin yana hagu. Takardar watan Maris ce, da hatimin da ba a sassaƙa ba sai Satumba. Ta ɗauki hoton shafukan biyu da wayarta.

Ranar Laraba ta shiga banki da Kafinta, ta nemi ganin asalin takardar. Jami'in bashi, saurayi mai ɗamammen laktaye, ya ce sai Manaja ya ba da izini.

"Mai asusun ne wannan a gabanka. Fayil ɗinsa ne. Ko in rubuta cewa ka hana shi gani, da sunanka a sama?"

Ya kawo fayil ɗin. Ta jera takardun a kan teburi. Dukkansu da shuɗiyar tawada aka buga musu hatimi. Takwas mariƙin zartonsu yana dama. Ta jinginar ce kaɗai nata yake hagu.

"Kai ka haɗa wannan?"

"Ni? Hajiya, rufa mini asiri."

"Ba Hajiya ba ce ni. Kai ka haɗa?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. "A watan Yuni aka dawo da ni reshen nan. Da aka miƙa mini fayil ɗin na ƙirga takardu, takwas ne, na sa hannu. Ga takardar miƙa aiki. Wannan ta tara Manaja ne ya kawo mini makon jiya, wai a bayan durowa ta faɗa."

"Ka yarda?"

"Manajana ne."

Ta ɗauki hoton takardar miƙa aikin. Saurayin matsoraci ne, amma ba shi da hanyar kaiwa ga hatimin. Manaja ma ba shi da ita, sai in wani ya ba shi. Hatimin kuwa wuri ɗaya ya taɓa kwana. Makullin wurin guda biyu ne.

Ta jira har Darakta ya fita cin abincin rana, sannan ta tsaya a gaban teburin sakatariya, mace mai shekaru da kowa ke ce wa Yaya.

"Yaya, buɗe mini kabad."

Ta zazzage ambulan ɗin Kafinta, ta kai hatimin bakin taga. Samansa ja ne. Ta sa tsinken ashana cikin lungun haƙoran zarton, ta kankaro. Kan tsinken ya fito shuɗi.

"Tawadarmu a ofishin nan wace kala ce?"

"Ja ce mana. Ke ma kin sani."

"Hatimin nan daga hannun mai sassaƙa nan ya zo. Shi da baƙa yake gwaji, na gani a littafinsa. Ina ya samo shuɗi?"

Yaya ta kama gyara takardun da ba sa bukatar gyara.

"Makulli biyu ne, Yaya. Ɗaya yana jakarki. In ba ki yi magana ba, ke za a kama."

"Barkono, ki ji tsoron Allah. 'Ya'yana uku, ubansu ba ya aiki."

"Kafinta ma yana da 'ya'ya."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce uku ga Oktoba Darakta ya aike ta ta sayo shuɗiyar tawada, rasitin yana nan cikin fayil ɗin ƙananan sayayya. Da ta dawo ya ɗauki ambulan ɗin ya shiga ɗakinsa ya kulle. Kuma ba wannan ne karon farko ba. An yi da na mai injin niƙa, da na tela, da na mai buga bulo.

Barkono ta ciro fayilolin nan uku daga cikin waɗanda aka rufe. A kowanne, takardar jingina ta ɓullo ne bayan mutumin ya kawo kuka ofishinsu. A kowanne an yi gwanjon injin a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba. Dillali ɗaya ne ya saye duka ukun. Ta san sunan, don ta sha gaishe shi a falon Kawu. Ƙanin matarsa ne.

Fayil ɗin tela ita ta rufe shi bara, da hannunta, don Darakta ya ce ba abin da za a iya. Ta tuna yadda telar, wadda mace ce, ta yi mata godiya kafin ta tafi.

Ranar Alhamis da safe ta shiga ɗakin Darakta ba sallama. Sufeton 'yan sanda mai kula da zamba yana bayanta.

"Mene ne haka?" in ji Darakta.

Ta shimfiɗa hotunan a gabansa ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya haɗa takardar nan mai lura ne. Ya ga takardun Maris da shuɗi aka buga su, sai ya aika aka sayo shuɗi. Ga rasitin. Abin da bai sani ba, hatimin da ke kabad ɗinmu ba shi ne na Maris ba. Wancan ya narke a Agusta. Wannan kuwa surukin Kafinta bai taɓa riƙe shi ba, banki ma bai taɓa shiga ba. Makullinsa biyu ne. Yaya ba ta da suruki mai sayen injuna a gwanjo."

"Sufeto, yarinyar nan ta daɗe tana..."

"Da ni za ka yi magana, ba da shi ba! Mutanen nan banki ya cuce su, suka rugo wurinmu don an ce mu ba na kowa ba ne. Suka damƙa mana hatiminsu. Kai kuma ka riƙa zaɓen mai inji mai kyau, ka buga, Manaja ya cusa a fayil, surukinka ya saye, ku raba. Har ni ka sa na sa hannu."

Darakta ya cire tabarau. Muryarsa ta sauka.

"Barkono, ni na biya miki makaranta."

"Ka biya, Kawu. A can na koyi duba kwanan wata."

Sufeto ya buɗe durowar teburin. Kwalbar shuɗiyar tawadar tana nan a bayan ambulan-ambulan, ko rabi ba a sha ba. Kafin la'asar an ɗauko Manaja. Shi ya fara tona komai, don ya ji an ce Darakta na shirin ɗora masa laifin duka.

Ranar Juma'a mota ba ta je shagon Kafinta ba.

Mai niƙa da tela da mai bulo ba su sami injunansu ba, an riga an sayar da su gaba, shari'arsu kuma tana nan ana ta ɗagawa. Masu ba ofishin tallafi suka karanta labarin, suka janye kuɗinsu cikin mako biyu. Aka sa kwaɗo a ƙofa. Mutum bakwai suka rasa aiki, har da Barkono kanta, da Yaya, wadda yanzu takan tsallaka titi idan ta hango Barkono. Ita kuwa Barkono ta nemi aiki wuri goma sha huɗu. A ɗaya daga ciki mutumin ya ce mata kai tsaye ba sa ɗaukar mai kai ubangidanta caji ofis. Ta sayar da motarta a wata na huɗu.

Mahaifiyarta ba ta yi mata faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mutumin da ya riƙe mu ranar da kowa ya watse?" Tun daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Kafinta ya ƙera mata teburi da kujera biyu, ya ajiye a inuwar gaban shagonsa. A nan masu rigima da banki ke samun ta, ƙarar injin na katse musu magana. Duk wanda ya miƙo mata hatiminsa ya ce ta ajiye, sai ta buga a gabansa, ta mayar masa a tafin hannu, ta naɗe masa yatsunsa a kai.

Wata rana tsohon ya tsaya a kanta yana goge hannu.

"Malama, injin nan nawa ya ci miki?"

Ba ta ɗago daga wasiƙar da take rubutawa ba.

"Aikina, da motata, da abincin mutum shida da ba su yi laifin komai ba. Da uwata, Baba. Wata tara ke nan ba ta kira ni Barkono ba."