Hoton Da Ya Ƙifta Ido

Riskuwa na tsakar gida tana tsince shinkafa sai wayarta ta yi ƙara. Dikko ne, saurayinta, wanda aka sa musu rana bayan girbi.

"Riskuwa, hoton nan... na tura shi guruf ɗin gidanmu. Gwaggo Kulu na gani ta zube. Baba ya ce a dakatar da maganar aure."

Faranti ya suɓuce mata, kaji suka yo kansa.

Ga yadda aka yi. Dikko ne ya ba ta tsohon hoton mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana ɗan shekara shida, ruwa ya cinye rabin fuskar da ke hoton. Riskuwa ɗalibar kwamfuta ce a Birnin Kebbi, hannunta kuma ya faɗa da zane. Sati uku ta yi a laftof tana mayar da fuskar nan, har tsagen kumatu. Da nan ta tsaya, da lafiya lau. Sai ɗoki ya ja ta, ta ƙara 'yan layukan kod na kwamfuta, marigayiya ta dinga ƙifta ido tana murmushi. Haka ta tura wa Dikko shi.

Innarta ta dafe ƙirji. "Mi kinka yi, ɗiyar nan? Matar da ke kabari shekara ashirin, ke kinka buɗe mata ido? Wa ya aike ki?"

"Inna, wallahi animeshin ne kawai."

"Animeshin ɗin gidanku. Ɗauko mayafi, Argungu za mu, gidan su Dikko."

Suka hau mota. Kafin su isa, labari ya riga su: mai tada matattu ta iso. Mata na leƙe ta katanga, wata ta janye ɗanta daga hanya.

Alhaji Tamba, mahaifin Dikko, na zaune a zaure. Da ƙyar ya amsa gaisuwa. Dikko ya durƙusa. "Baba, ni na roƙe ta gyaran hoton. In laifi ne, bisa kaina yake."

"Ban tambaye ka ba." Ya nuna jakar Riskuwa. "Buɗe in gani."

Sau biyu tana kuskure fasuwod. Ta nuna masa tsohon hoton, ta nuna inda ta cike da hannunta, sannan ta nuna wata lamba.

"Baba, in na sa uku, ido ya rufe bayan daƙiƙa uku. In na sa goma, sai goma. Ba ita ba ce, lissafi ne." Ta durƙusa, hawaye suka ɓalle mata. "Amma ban nemi izininku ba. Ku gafarce ni."

Tsohon ya tsura wa allon ido har Inna ta fara gyara zama.

"Ba haka take murmushi ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Gefe guda take yi, tana ɓoye haƙorinta da ya karye."

Ya share fuska da hannun riga.

"Goge mai motsin nan, yanzu, gabana. Wanda ba ya motsi, a wanko min shi babba." Ta goge. Ya ɗaga murya zuwa cikin gida: "Kulu, a kawo ma surukai ruwa. Rana na nan inda munka aje ta."

To, 'yan boko, ku ji ni da kyau. Na'ura ta iya motsa fuskar mamaci, amma ba ta san wanda ya binne shi ba. Kafin ku taɓa abin da ke zuciyar manya, ku tambaya. In kuma kun riga kun taɓa, ku tafi da ƙafarku ku durƙusa, kamar yadda Riskuwa ta yi.