Abin da Ya Biyo Tiyon Torleif

La'asar ce sakaliya a ƙarshen kaka, masu yawon hutu duk sun watse daga zangon motoci na gindin dutsen, saura motar Torleif Bakkejord kaɗai. Doguwar mota ce mai ɗaki da kicin da banɗaki, a ciki suke zaune shi da matarsa Gunnvor da 'yarsu Eldrid tun da gidansu ya ƙone. Gunnvor na fere dankali sai Torleif ya fito daga wanka yana ƙunƙuni.

"Wannan ruwa ne ko hawayen tsohuwa? Sabulu ya bushe mini a ka."

Ya ɗauki sifana ya fita. A bakin famfon zangon akwai wani ɗan kan tagulla mai ma'auni, shi ke rage ƙarfin ruwa kafin ya shiga tiyo.

"Baban Eldrid, bar abin nan," in ji Gunnvor ta taga. "Daga kan dutse ruwan nan yake gangarowa, bututanmu kuwa roba ce siririya. Ba za su ɗauka ba."

"To injiniya, na ji. Koma wa dankalinki."

Ya kwance shi, ya ɗaura tiyon kai tsaye. Tiyon ya miƙe ya sandare. A cikin bangon motar wani abu ya buga sau ɗaya, a hankali, kamar baƙo mai neman izini.

Eldrid ce ta shiga wanka bayansa. Budurwa ce mai surutu, ko a banɗaki waƙa take yi, amma ranar waƙar ta yanke a tsakiya. Da uwar ta tura ƙofa ta same ta tsaye da kayanta, ruwa mai sanyin ƙanƙara na zuba a kanta, ƙananan baƙaƙen tsakuwoyi sun taru a ƙafafunta. Nan take haɗin bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe. Torleif ya ruga ya rufe famfo, ya cire tiyon gaba ɗaya ya yar a ciyawa. Ruwan bai tsaya ba.

Daga ranar gidan nasu na mota ya canza. Da rana shiru. Amma da zarar inuwar dutsen ta rufe zangon, sai jifa ta fara sauka a rufin, tsakuwa jiƙaƙƙiya, ba a ganin mai jifa. Sai a ji magana ƙasa-ƙasa a cikin bututan. Eldrid ta daina cin abinci, gashinta ya ƙi bushewa. A asibitin gari mafi kusa aka duba ta, ba a ga komai ba. Jijiyoyin wuyanta suka fara tasowa, jini na ɗiga daga hancinta.

Gunnvor ba ta shawarci mijinta ba, ta tafi ƙauyen masunta ta zo da Peder Aslaksen, tsoho masanin Littafi Mai Tsarki, wanda ake kira idan jini ya ƙi tsayawa ko mutanen ɓoye sun taɓa wani. Ya shigo da magariba, ya ƙi gahawar da aka miƙa masa. Ya cika wani kofi da ruwan da ke malala, ya tsoma wuƙarsa a ciki, ya fara karatu ba a jin sautinsa. Jifar ta tsaya.

Eldrid ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga ƙasan rijiya.

"Peder ɗan Aslak. Kai ma ka tsufa."

"Na tsufa. Wane ne kai, me ya kawo ka gidan mutane?"

"Idon ruwan da ke can sama nawa ne tun kafin kakanninku su san gishiri. Aka zo aka rufe ni da siminti, aka cusa ni a ƙarfe. Kowace mota na bi sai na tarar da ƙofa 'yar ƙarama, ba na iya shiga. Wannan ya cire ƙofar da hannunsa. Ba kutse na yi ba."

Torleif ya jingina da bango.

"Fita daga yarinyar," in ji Peder.

"Akwai ɗumi a nan."

"Ba za ta ɗauke ka ba, ka fi ƙarfinta. Ka ga yadda bututan suka yi. In ta fashe ina za ka koma?"

Jini ya ɗiga a haɓar yarinyar, Gunnvor ta toshe bakinta da hannu.

"To a mayar da ni," in ji muryar. "A fasa simintin. Wanda ya buɗe mini shi zai ɗauke ni, a bokiti, da hannun da ya riƙe sifanar. Ba sauya hannu, ba ajiyewa. Kuma ba na komawa haka nan. A ba ni muryar yarinyar."

"Ba za ka samu ko gashin kanta ba."

"To ɗumin hannun ubanta."

Peder ya buɗe baki zai ƙi, Torleif ya riga shi.

"Na ba ka. Baba Peder, na ba shi. Ya dai bar mini 'yata."

Aka kawo bokiti. Eldrid ta sunkuya, ruwa baƙi ya kwararo daga bakinta har ya kusa cika shi, sannan ta sulale a jikin uwarta.

Torleif ya ɗauka da hannun dama. Nauyin ya fi na dutse. Peder na gaba da fitila da guduma, suka kama hanyar hawa cikin sauran hasken da ya rage. Sanyi ya fara daga yatsu, ya haye wuyan hannu, ya tsaya a gwiwa. Ya yi tuntuɓe, ya durƙusa, amma gindin bokitin bai taɓa ƙasa ba. A saman, tsohon ya dinga dukan simintin har ya tsage. Torleif ya juye ruwan a tsagar. Wani abu ya ja dogon numfashi a ƙarƙashin ƙafafunsu, sai ruwa ya ɓalle ya bi tsohuwar hanyarsa da ta daɗe a bushe.

Da suka sauko, ƙasan motar ya daina malala. Eldrid na zaune lulluɓe da bargo tana cin burodi kamar za ta haɗa da farantin. Ba ta tuna komai ba.

"Baba, ina ka shiga haka? Dubi wandonka."

Ta kamo hannunsa, ta saki da sauri, ta sake kamawa. Fari ne fat, yatsun a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da wani abu.

Da safe Gunnvor ce ta ja motar. Eldrid ta zauna kusa da ubanta, ta sa hannun a tsakanin nata biyu, tana murzawa tana hura masa numfashi.

"Yanzu zai yi ɗumi, Baba. Bari ka gani."

Torleif ya dubi matarsa ta madubi. Yarinyar ta ci gaba da hurawa.