Hoton Shagon Gwal

"Me kake gani?" Oga ya tambaya daga kujerar gaban mota, ko waiwayowa bai yi ba.

"Maigadi ya tafi cin abinci. Mai shagon na ciki da wata mata."

"Bayan kantar shagon fa?"

Mai Hoto ya ƙara manna ido a kyamara, ya murɗa gilashin har ya ƙure. Rana tsaka ce, ƙofar shagon gwal ɗin ta fito tar, har da tsatsar makulli. Amma cikin shagon ya dagule kamar an watsa yashi.

"Duhu ne, Yaya. Na faɗa maka gilashin nan ba ya kaiwa."

"Kullum ba ya kaiwa," in ji Dogo, yana gyara bindiga a ƙarƙashin riga. "To amfanin me take yi?"

Mai Hoto ya dubi kyamarar. Shi ma tambayar da yake wa kansa ke nan tun bara, lokacin da ya sayar da tsohuwar kyamararsa ya sayi wannan ta zamani marar madubi a ciki, matsakaiciya, don ita ce daidai ƙarfinsa. Ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma in ta kama idon mutum ba ta saki. Sai dai a bikin 'yar wani attajiri ta ɗau zafi ana tsakiyar bidiyo, ta kashe kanta daidai shigowar amarya. Labari ya zaga gari, aiki ya ɗauke. A nan Oga, yayan matarsa, ya same shi zaune a shago yana kaɗe ƙura.

"Hoto kawai za ka ɗauka mana," ya ce. "Ba ruwanka da ƙarfe."

Ya kuwa ɗauka. Kwana da kwanaki yana wucewa ta gaban shagon da kyamara a ƙirji, yana dannawa shiru, maigadi har gaishe shi yake yi. Abu ɗaya ne ya gagara: lungun bayan kanta. Kowane hoto sai ya fito da wani baƙin abu, ko ƙofa ce ko durowa, ba mai iya rantsewa. Oga ya ce durowa ce, magana ta ƙare.

"Mu je," in ji Oga. "Kai, wayarka a kunne. Ka ga motsi, ka yi magana."

Suka tsallaka titi, shi da Dogo. Mai Hoto ya bi su da kyamara. Ya ga mai shagon ya ɗaga hannu sama. Ya ga matar ta durƙusa ta rufe kai da jaka. Sai alamar batir ta koma ja.

"Ba yanzu ba," ya ce a hankali. "Don Allah ba yanzu ba."

Kyamarar ta mutu. Tsohuwarsa mai madubi ko ba batir za ka leƙa ka ga duniya. Wannan kuwa duhu ne ƙirin. Ya girgiza ta, ya cire batirin ya goga a wando ya mayar. Ba komai.

"Ina batir na biyun?" Direba ya tambaya.

"Ban taɓa saya ba."

Ya ɗago ya duba da idonsa, nisa ya yi yawa. Inuwa kawai yake gani tana motsi. A waya muryar Oga na cewa, "Lafiya lau ko?"

"Yaya, ban—"

Tau! Tau!

Baƙin abin nan ƙofa ce. Ɗan sanda ne ke hutawa a bayanta, mai shagon ya ɗauko shi aiki ba da sanin kowa ba. Oga ya fito a guje da jaka. Dogo ya biyo shi, ya kai tsakiyar titi — ya kife. Bai ƙara motsi ba.

"Ja mota!" in ji Oga, yana faɗowa ciki.

Direba ya fizge ta. Kwana, lungu, wata kwanar. Jiniya ta taso daga baya, ta yi nisa, ta sake matsowa. Oga na haki, hannun rigarsa duk jini.

"Ka ce min durowa ce."

"Kai ka ce, Yaya."

Oga ya juyo ya kalle shi, kallon da bai taɓa yi masa ba. Can ya ce wa Direba ya tsaya bayan wani gareji.

"Sauka ka leƙa kwanar nan, ka ga ko suna tafe."

Mai Hoto ya sauka. Bai kai kwanar ba ya ji motar ta tashi. Ya tsaya da kyamara rataye a wuya, yana kallon ƙurar da suka tayar, har motar 'yan sanda ta ci burki a gabansa.

A ofis ba su wahala ba. Wani sufeto ya zare katin kyamarar ya sa a kwamfuta. Ga shagon, ga maigadi, ga Oga da Dogo sun jingina da mota ranar da suka zo duba hanya, fuskokinsu tas.

"Kyamararka na da kyau," in ji Sufeto, yana nuna Oga. "Ina wannan yake ɓuya?"

Mai Hoto ya san wurin. Ɗakin baya ne a gidan surukarsa, inda ya tura matarsa da yara tun shekaranjiya don kada su ga fitarsa. Ya ƙi faɗa har yamma. Da aka ce masa matar da ta durƙusa a shagon tana asibiti da harsashi a ciki, sai ya faɗa.

"Akwai yara a gidan," ya ce. "Ku bi a hankali."

Sai bayan mako matarsa ta zo. Ta tsaya nesa da ƙarfen ƙofar ɗakin da aka tsare shi, ba ta kawo komai ba.

"Yaya ya ƙi fitowa," ta ce. "A tsakar gida suka harbe shi, gaban Inna."

"Yaran fa?"

"Suna lafiya. Babbar ba ta magana tun ranar."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Inna ta ce in zaɓa, ko ita ko kai. Na zo ne in gaya maka da bakina, kada ka ji a wurin wani."

Ta gyara mayafi ta fita. Ya riƙe ƙarfen yana jiran ta waiwayo, har mai tsaro ya ce masa ya koma ciki.