Takardun Magen Inna

Bara'atu tana tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwo dutsen farko ya faɗo. Lokacin kaka ne, an gama yankan dawa, kaji sun fara hawa rumfa, ladanin unguwa yana gyaran murya. Dutsen ya sauka a kan kwanon ɗakin marigayiya Inna Lauratu, ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa. Bara'atu ta ɗaga murya ta zagi 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka ƙi kwaɓarsu, ta ci gaba da tuƙinta.

Na biyu a cikin tukunyar miya ya faɗa. Ta tsamo shi da ludayi. Miyar tana tafasa, amma dutsen sanyi ƙalau kamar daga ƙasan randa aka ɗauko shi. Kuma ƙauyensu, can bayan Minjibir, jigawa ce, yaro sai ya sha yawo kafin ya samu tsakuwar harbin tsuntsu. Gidan ya yi tsit. Sai magen da ke kulle a ɗakin Inna ta yi kuka, daga gindin tsohon rumbu kuma wata murya ta amsa mata, ƙasa-ƙasa, irin ta tsofaffi: "Mus, mus, mus." Babu kowa a gindin rumbun.

Ita dai Bara'atu tun ranar da aka fara wannan sha'ani na mage ta san ba za a wanye lafiya ba.

Jamil ne ya jawo shi, ƙanin mijinta Mani, ɗan autan Inna, wanda ya yi boko har ya haye jirgi. Yana Jamus yana aikin kwamfuta, da matarsa 'yar birni da 'ya'ya biyu waɗanda kakarsu ba ta taɓa goyawa ba. Burin Inna ɗaya ne a duniya, ta je ta gan su. Duk sanda ta yi maganar a waya amsa ɗaya take samu: "Inna, takardun nan da wuya, ki ƙara haƙuri." Ta yi haƙurin. Ta ɗaure jaka ta ajiye a gefen gado, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da zannuwan goyo biyu na saƙi. Duk shekara sai ta kwance ta zubar da tsohuwar kuka ta daka sabuwa. Yaran sun wuce goyo, ba ta cire zannuwan ba. Da damina ta rasu, jakar tana nan a ɗaure. A waya Jamil ya yi kukansa.

Bayan sadakar arba'in sai ga shi ya bugo, wai yara sun ga magen Inna a bidiyo sun ƙwallafa rai, shi ma yana son wani abu na mahaifiyarsa a kusa da shi. Bara'atu ta ɗauka wasa ne irin na ƙanin miji, har ta yi dariya. Ba a yi sati ba sai ga likitan dabbobi daga Kano, da mota da farar riga, ya shigo gidan da ko malamin asibiti bai taɓa takowa ba lokacin da Inna take kwance.

Ya ɗaga fatar wuyan mage ya cusa mata wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, ya ce lambarta ke nan, duk filin jirgin da ta sauka na'ura za ta karanta. Ya yi mata rigakafin ciwon haukan kare. Ya ce bayan wata guda zai dawo ya ɗebi jininta a aika ƙasar waje a auna, don mutanen can ba su yarda da awon nan ba, sannan a jira wata uku, sannan likitan gwamnati ya duba ta ya sa hannu gab da tafiya. Aka ɗauke ta hoto. Ya tambayi sunanta, aka ce Inna "ke" take ce mata, sai ya rubuta Lulu, sunan da yaran Jamus suka zaɓa. Har ranar haihuwarta ya tambaya. Bara'atu ta dubi 'yarta Huseina, budurwa ta fara tasawa, wadda iyakar abin da aka sani na haihuwarta shi ne shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Ta ja tsaki ta shige ɗaki.

Likita bai ce a kulle mage ba, wannan wayon Jamil ne. Kada kare ya cije ta, kada ta ɓace a karan dawa wahalarsa ta tashi a banza. Ya aiko da keji da abincin gwangwani, ya ce a ajiye ta a ɗakin Inna, Huseina ta riƙa kula da ita, kuma a daina ba ta nono. To a gidan nan, tun Bara'atu tana amarya, kullum rana ta yi ja sai Inna ta zuba nono a ɗan ƙoƙo ta kai gindin tsohon rumbu. Mage ta zo ta sha, Inna ta miƙe ƙafa tana magana ƙasa-ƙasa har a kira salla. In mage ta mutu, 'yarta ta gada, haka aka yi ta yi. Kowa ya ɗauka surutun tsufa ne. Da Inna ta rasu Huseina ta ci gaba da kai ƙoƙon, har ranar da umarni ya zo daga Jamus.

Daga faɗowar dutsen nan gida bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da rana lafiya lau. Inuwa na miƙewa sai jifa ta fara, ba ta samun kowa, amma ba ta fashi. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Wata yamma aka nemi Huseina aka rasa, sai aka same ta a gindin rumbu ta miƙe ƙafa, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya, zaman Inna sak. Idonta a buɗe, amma ba ta ganin kowa. Ta daina cin abinci. Ta riƙa yaƙushin bayan wuyanta har jini, tana cewa akwai abu a ciki. An kai ta asibiti a Minjibir, aka auna aka ce ba a ga komai ba.

Tsoro ya kama Bara'atu, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tana kallo 'yarta tana ƙarewa, wuya ya zama kamar sillen kara, ita kuwa mage tana ƙiba a keji.

"Malam, ka buɗe kejin nan," ta ce wa mijinta.

Mani ya sunkuyar da kai. "An kusa gamawa. Me zan ce wa Jamil?"

Tun da Jamil ya sa wa gidan kwano Mani bai sake ce masa a'a ba. Namiji har namiji, da gemu, amma wayar ƙaninsa na ƙara sai ya miƙe tsaye. Ita kuma ta je ta buɗe da kanta sai ta tarar da kwaɗo, makullin yana wurin Mani, a cikin hula.

Ranar da Jamil ya iso ɗaukar magensa, da ruwan roba a hannu da takardu a jakar leda, ranar Bara'atu ta aika garin Zakirai aka zo da Malam Uwaisu, ba ta nemi shawarar kowa ba. Dattijo ne ɗan siriri, ba ya ɗaga murya, ya daɗe yana karatu a kan masu irin wannan lalura. Jamil ya gaishe shi da hannu ɗaya, ya koma gefe yana ce wa yayansa wannan ai ciwon ƙwaƙwalwa ne, a can da ƙwaya biyu an gama.

Da aka idar da sallar magariba Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Huseina, aka lulluɓe ta. Ya ce a fito da kejin. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali. Jifa ta tsaya. Ko akuya ba ta motsa ba. Can sai yarinyar da ba ta iya ɗaga kofi ta tashi zaune, ta miƙe ƙafa, ta yi dariya da muryar da ba tata ba.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke?"

"Ta gindin rumbu. Kafin a kafa dangar nan ina nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ta daina kawo ƙoƙo. Ita take rufe ƙofa." Kan Huseina ya juya sannu a hankali har ya tsaya a kan Jamil. "Amma ga mai aiken nan. Sannu da zuwa, Bature. Ka nemi izinin likita, ka nemi na Abuja, ka nemi na masu jirgi, ka nemi na mutanen da ba su san hanyar garin nan ba. Mu da muke zaune da magen ba mu isa a tambaye mu ba. Kun sa mata ƙarfe a wuya, kun kai jininta bayan teku. A dawo mini da jinin, a cire ƙarfen, a yanka mini baƙar akuya."

"Jini ya tafi," in ji Malam. "Ƙarfe ba ya cutar da ita. Yanka kuwa ba a yi wa kowa sai Allah, ko kaza ba za ki samu ba. Ki ji tsoron Ubangijin da ya halicce ki, ki fita."

Ya ɗora karatu. Jikin yarinyar ya riƙa karkarwa, Bara'atu ta danne bakinta da gefen zane.

"Na bar jinin! Na bar akuyar! Amma mage ba ta tafiya. In ta hau jirgi, yarinya ta bi tsohuwa. Shi ya sa a rufe, shi zai buɗe da hannunsa."

Duk aka dubi Jamil. Mani ya ciro makulli daga hula ya miƙa masa. Bara'atu ba za ta manta ba har ta mutu, mutumin nan tsayawa ya yi yana duban jakar takardunsa.

"Yaya, an riga an sa hannu fa," ya ce. "In ta fita ta shige gona shi ke nan. Yara suna jira. Wannan duk abin da yarinya ta ji ana faɗa ne take maimaitawa."

Muryar ta yi ƙasa, ta yi laushi, wannan ya fi dariyar ban tsoro.

"To bari in faɗi wanda ba ta ji ba. Tsohuwa ta ce mini, ke da ba a tambayarki takarda, je ki gano mini jikokina. Na je. Na dawo na ce mata ƙaramar tana da wushirya irin tata, ta kwana tana murna. Amma ina tsaye a bayan labulenka ranar da matarka ta ce a fara nema wa Inna takardu, ka ce ina za ku kai tsohuwar ƙauye mai tofar da goro, abokan aikinka su gani. Ko tambaya ba ka taɓa zuwa ka yi ba. Ban gaya mata ba. Ni aljana na rufa maka asiri, ta mutu tana sa maka albarka."

"Ba a gaskata maganarsu," in ji Malam. "Suna haɗa ƙarya da gaskiya."

Ya faɗi abin da ya wajaba a kansa. Sai dai babu wanda yake kallon Malam, fuskar Jamil ake kallo, ita kuwa ta riga ta ba da amsa. Robar ruwan ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa a gaban kejin, da ƙyar ya samu ramin kwaɗon.

Mage ta fito ta yi miƙa, ba ta ko dube shi ba.

Malam ya sa ta gindin rumbu ta rantse da Allah ba za ta sake taɓa kowa a gidan ba, ya ce kuma babu sauran ƙoƙo da sunanta, mage dai a ci gaba da ciyar da ita don Allah.

"Ni da ma ban taɓa shan nonon ba," ta ce. "Hira nake zuwa. Mai hirar kuma ta tafi."

Huseina ta yi atishawa, ɗan yatsan ƙafarta ya karkaɗa, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Bara'atu ta fashe da kuka, ta tashi da gudu ta dama mata kunu.

Da safe aka ga mage a ɗakin Inna, ta naɗe a kan jakar nan tana barci, ita kaɗai a duk ƙauyen mai cikakkun takardun zuwa Turai. Jamil ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo, idonsa ya kumbura. Bara'atu tana shara, ta zo wucewa.

"Yaya Bara'atu," ya ce, murya a dushe, "jakar nan, ina so in tafi wa yara da ita."

Ta tsaya, ta buga gindin tsintsiya a tafin hannu, ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai.

"Bar ta a nan," ta ce. "Takardunta da wuya."