Hannuwan Kaka Ashetu

Da 'yar tsana mai karyayyen wuya Mariyatu ta shiga shagon Tahidu ranar da suka fara haɗuwa.

Shagon gyaran fanka da rediyo ne a unguwar Nyohini. Ita kuwa ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta kwalejin fasaha, tana koyon irin fim ɗin nan da ake ƙera 'yan tsana da yumɓu, a motsa su kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka. In aka jera hotunan sai ka rantse rai gare su. Hoto goma sha biyu ke cika daƙiƙa ɗaya.

Fim ɗin kammala karatunta a kan marigayiya kakarta ne, Ashetu mai man kaɗanya, kuma 'yar tsanar siffarta ce. Da zarar fitila ta yi zafi sai yumɓun ya saki, kan ya faɗi. Wayar tagulla ta zo nema.

Tahidu ya juya 'yar tsanar a tafin hannunsa a hankali.

"Ba ta da ƙashi ne, shi ya sa," ya ce. "Ki bar mini ita zuwa jibi."

Ya yi mata ƙashi na waya har da gaɓoɓin yatsu. Daga nan ya zama in ya rufe shago da yamma sai ya hau babur zuwa ɗakin aikin ɗalibai, ya riƙe fitila, ita tana motsa Kaka tana latsa kyamara. Shi yana ce mata Darakta, ita tana ce masa Injiniya. Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Daraktata, jiya hoto tamanin muka ɗauka, ni kuwa guda ɗaya ne ya zauna mini a ido, sa'ad da kika yi dariya da yumɓu a hanci. Ki karya kafin ki fita."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Injiniya, ka ji da fankokin mutane."

Mahaifinta, Alhaji Abdul-Rauf mai atamfa a babbar kasuwa, bai so zancen ba. Ya ce ya tura ta makaranta ta ɓige da wasan yara, yanzu kuma ta kwaso masa mai gyaran fanka da bai gama sakandare ba. Ko sunan yaron bai yarda a ambata a gidansa na unguwar Zogbeli ba.

Ga shi aikin ma ya cije. Wurin da Kaka ke buga ƙullin kaɗanya a baho ya ƙi fita. Mariyatu na da shekara bakwai tsohuwar ta rasu, fuskarta take tunawa, ba hannuwanta ba. Hoto ɗari uku ta ɗauka ta goge.

Saura kwana huɗu a miƙa aiki ta shiga ɗakin da safe, ta tarar da bahon da murhun, ba Kaka. Basit, ɗan ajinsu da ya daɗe yana kewaye ta, ya ce da idonsa ya ga mai fankar nan ya saka ta a jaka. Ya ƙara da cewa dama ya sha faɗa mata.

Ta rubuta wa Tahidu: "Ka san abin da take a wurina, ka ɗauke ta ba ka tambaye ni ba. Kada ka sake zuwa."

Amsa ta zo nan take: "Na yi laifi, Darakta. Tana lafiya. Ki yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Gida ta koma ta kwanta da kuka. Bayan la'asar ta ji sallamar Baba, wanda bai taɓa barin kasuwa kafin magariba ba. Ya zauna a tsakar gida, ya kwance ƙyallen atamfa, sai ga Kaka.

Ya ce yaron nan ya zo shago da sassafe, ya durƙusa, ya ajiye ta a kan tebur, ya roƙi a nuna masa yadda Mma, mahaifiyar Baba, take buga mai. Baba ya kore shi. Yaron ya fita ya tsaya a rana har azahar. Shi kuma da ya ɗaga ido sai ya ga ɗaurin kallabin, karkatacce zuwa kunne ɗaya, ya kasa auna wa kowa yadi.

"Ko hotonta guda ba ni da shi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kin yi kuskure a abu ɗaya. Da hagu take bugawa. Hannun damanta wuta ta taɓa tun tana yarinya. Kawo baho."

Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya, ya shiga juya hannu cikin ruwa yana ɗagowa yana bugawa, yana share goshi da bayan wuyan hannu. Mariyatu ta ɗauki bidiyonsa da wayarta, hawaye na hana ta gani.

"Yana waje," Baba ya ce. "Ce masa ya shigo ya sha ruwa."

Ta same shi jingine da babur, fuska duk ta ƙone da rana.

"Da na tambaye ki, da kin hana ni," ya ce. "Amma duk da haka ya kamata in tambaya."

"Ya kamata. Ka ci abinci?"

"A'a."

"To shigo, Injiniya."

Kwana uku suka yi a kan daƙiƙa ashirin na wurin buga man. Ranar da aka nuna fina-finan ɗalibai, Alhaji ya zauna a layin gaba, kuma da aka gama ya nemi a sake sa na 'yarsa.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Dangin ango suka zo da makaɗan Dagomba, layin ya cika da babura har yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta rasa hanyar wucewa. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya ɗora a na Tahidu.

"Na so in hana, Allah bai nufa ba, kuma na gode masa. Ka riƙe mini ita da kyau, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari."

Tahidu ya sunkuyar da kai. Daga cikin mayafi Mariyatu ta matse yatsunsa, ta amsa musu su biyun: "Amin, Baba."